Ranar da Na Je Neman Gasaya Na Dawo da Kokwamba

Shekarun baya, lokacin da nake zaune a unguwar Minguettes da ke Vénissieux, a bene hawa na tara, ina tuƙin bas a cikin garin Lyon, na kawo mahaifina daga Maraɗi aka yi masa aikin zuciya. Aiki ya yi kyau, likitoci suka ce komai ya tafi yadda ake so, muka yi ta buga waya gida ana yi wa juna barka. Sai da aka kwana biyar sannan muka lura tsoho ya rufe bakinsa, ya daina cin abinci.

Bari in ɗan gaya muku halin mahaifina, don ku gane wautar da zan tafka a gaba. Tsohon malamin gona ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babur yana zaga ƙauyukan gulbi. Tunda nake ban taɓa jin ya ce wa wani "ba ni" ba. Ko ƙishirwa yake ji, iyakarsa ya ce, "Yau ana zafi," mai hankali ya tashi ya ɗebo ruwa. Haka kuma ya tarbiyyantar da mu. In ka je gidan mutane da buƙata, ka gaishe su, ka zauna, ka tambayi lafiyar kowa har ta dabbobi, in an kawo ruwa ka sha. Buƙatar kuwa sai an tashi yi maka rakiya, an kai bakin zaure, sannan ka ce, "Af, na kusa mantawa." In kuma wani abu ka gani a gonar mutum ya ba ka sha'awa, ba a roƙo, yabawa ake yi. Mai gona ya san abin da yabo yake nufi, zai tsinko ya ba ka, kowa ya rabu da mutuncinsa.

To, ga wannan mutum kwance a asibitin Turawa, ana kawo masa niƙaƙƙen dankali da farin kifi marar gishiri. Sai ya buɗe, ya duba, ya ce alhamdu lillahi, ya rufe. Matata ta yi tuwo miyar kuɓewa, ta dama kunu, ta yi dambu, duk muka kai. Yakan ɗanɗana cokali guda, ya ce mata, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata," ya ture kwanon gefe a hankali. In ka tambaye shi me yake sha'awa, sai ya ce komai ya yi.

Ranar wata Litinin likitar da ke duba shi ta tsayar da ni a gabansa ta yi magana ba ɓoye-ɓoye. Ta ce yana ramewa, kuma ɗinkin ƙirjinsa ba zai warke ba in ba ya ci. In Litinin mai zuwa ta zo bai fara cin abinci ba, za su zura masa tiyo ta hanci su riƙa ɗura masa. Ta ce mu kawo duk abin da zai iya ci, in dai ba a cika gishiri ba. Mahaifina ya fi ni jin Faransanci, don haka babu abin da ya wuce shi. Tana fita ya yafito ni.

"Ba a sa mini tiyo ga hanci," ya ce. "In abin ya kai haka, ka sa ni jirgi ka maishe ni gida."

"Baba, sun ce jirgi yanzu haɗari ne gare ka."

"Na jiya. Ka maishe ni gida dai."

Na san shi. In ya faɗi magana sau biyu, an gama. Na fito farfajiyar asibitin, na kira mahaifiyata. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba na zayyana mata komai.

"Kai ma dai," ta ce. "Shekara nawa kana ɗanshi ba ka san shi ba? Ubanka ba shi hwaɗin abin da shika so, ko za shi mutuwa. Duk ciwon da ya taɓa yi, tun muna Dakoro, kwaɗon gasaya ka buɗe mishi baki. Ɗanya hwa, ba busassa ba. Busassa in ya shinshina cewa shikai ta bara ce."

Gasaya, jama'a. Ganyen nan mai ɗaci da ɗan wari da ke fitowa da kansa a bayan gida da kan juji in ruwa ya sauka. A daidai lokacin damina ce a gida, gasaya na nan har bakin kwata, awaki ma sun gaji da ita. Amma daga Maraɗi zuwa Yamai, inda jirgi ke tashi, wuni guda ne a mota, kuma duk binciken da na yi ban sami mai tasowa zuwa nan ba sai bayan kwana goma. Ni kuwa kwana bakwai gare ni.

Na ɗauki hutu a wurin aiki. Ranar Talata na bi kantunan 'yan Afirka da ke unguwar Guillotière ɗaya bayan ɗaya, ina nuna hoton gasaya a waya. An nuna mini ganyen rogo daskararre, an nuna mini yakuwa, an nuna mini lalo da zogale. Wani mai kanti ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ai ciyawa ce." Ban yi masa musu ba, don gaskiya ya faɗa.

Da yamma na kira wani abokina, ɗan unguwarmu tun muna yara, wanda ke zaune a Aubervilliers, gefen Paris, yana aikin wanke-wanke a wani gidan abinci na mutanen Tailan a Paris. Ya ce, "Abin da babu Château Rouge babu shi ƙasar ga duka. Taho gobe da sahe." Laraba da sassafe na hau jirgin ƙasa, awa biyu ina Paris. Muka shiga Château Rouge, unguwar kasuwancin 'yan Afirka, lungu da saƙo, har wurin matan da ke sayar da kaya a kan kwali bakin titi. Akwai busasshen kifi, akwai manja, akwai ganyayen da ban taɓa gani ba. Gasaya kam babu. Wata mata ta rantse mini cewa alayyahon da ke gabanta shi ne, sunan ne kawai ya bambanta.

La'asar ta yi, lokacin aikin abokina ya zo, ya ce in bi shi in yi salla a bayan kicin in ɗan huta kafin jirgina. Na zauna a kan buhun shinkafa, na sake buɗe hoton nan ina kallo, ban ma san me nake nema a cikinsa ba. Mai dafa abincin gidan, wata mata 'yar Tailan gajera mai kaifin murya, ta zo wucewa da tukunya. Ta leƙa ta kafaɗata, ta dire tukunyar.

"Pak siyan!" ta ce.

Na ɗago. Ta karɓi wayar, ta ƙara girman hoton, tana ta murmushi. Ta ce a ƙauyensu jiƙa shi ake yi a ruwan shinkafa da gishiri har ya yi tsami, a ci da shinkafa mai danƙo, kuma ta yi shekaru rabonta da shi. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wasu mutane a can ƙarshen duniya da suka san ciyawar bayan gidanmu ba, har suna kewarta. Na tambaye ta inda ake sayarwa. Ta ce ba a sayarwa, saurin yaushi gare shi, kuma Turawa ba sa son warinsa. Sai dai tsofaffin matansu da ke da ɗan lambu su shuka abinsu. Ta tambaye ni daga ina na zo.

"Lyon," na ce. "Vénissieux."

Dariyar da ta yi sai da ta dafa bango. Ta ce ta taɓa zama can wata shida farkon zuwanta. A cikin 'yan lambunan nan da hukumar gari ke ba mutane aro, kusa da layin dogo, akwai wata tsohuwa 'yar yankinsu mai shuka shi duk shekara. Ba ta da lambar wayarta. In na je in nemi lambun da ke da rumfar gora, da wasu dogayen kabewa na reto, da mata mai faffaɗar malfa. Sai dai tsohuwar ba ta jin Faransanci sai kaɗan, mijinta ne mai yi mata magana, shi kuma ya rasu.

"Dole ka faɗa mata da yarenmu," ta ce. "Buɗe kunnenka."

Nan a tsaye, da ludayi a hannu, ta koya mini yadda ake cewa kana neman abu. Pom kamlang ha pak siyan, kap. "Pom" shi ne ni, in namiji ke magana. "Kamlang ha" shi ne ina neman. "Pak siyan" ita ce gasayar, in wani abu kake nema sai ka sa sunansa a gurbin. "Kap" kuma ladabi ne da namiji ke rufe magana da shi. Ta ce "ha" ɗin in ja shi sama kamar mai tambaya. Na faɗa, ta girgiza ludayi. Na sake, ta ce saura kaɗan. Abokina na bakin famfo hannu cikin kumfa yana cewa, "Shekara huɗu ina nan ba ta koya mini ko sannu ba, kai daga zuwa an buɗe maka lakkwal, makaranta sukutum." A karo na shida ko na bakwai ta ce ya yi. Ta nuna mini yadda ake haɗa tafin hannu a ƙirji a ce "sawadi kap," wato gaisuwarsu, ta rubuta mini duka a bayan wata 'yar takarda.

A jirgin komawa ban yi komai ba sai tilawa. Ina faɗa a hankali, ina ja "ha" sama. Dattijuwar da ke kusa da ni ta dube ni sau biyu, ta ɗauki jakarta ta canja kujera. Ban damu ba, raina fari ƙal, ji nake gasaya ta riga ta shiga tukunya.

Alhamis da hantsi na tafi. Abin takaici, lambunan nan tafiyar minti ashirin ne a ƙafa daga gidana, kuma kusan kullum sai na wuce ta gefensu da bas. Na riƙe ledar dabino, don ba a zuwa wurin babba hannu biyu. Ban sha wuya ba na hango rumfar gora da kabewar nan na reto. Ga tsohuwa a durƙushe da malfarta tana cire ciyawa. Daga damanta kuwa, jikin shinge, fangali guda cur na gasaya, kore shar, da fararen furanninta. Sai da na ji hawaye ya taho mini.

Na haɗa hannu na ce sawadi kap. Ta ɗago da mamaki, ta amsa, ta buɗe mini 'yar ƙofar. Maganar da na koyo tana kan harshena, tsaf, babu abin da na manta. Amma sai na ji bakina ya ƙi. Yaya za a yi in faɗo wa dattijuwa, sa'ar kakata, ban san ta ba ba ta san ni ba, in ce ina neman kaza? Ai wannan bara ce. Sai na kama gaisuwa da Faransanci irin tamu ta gida. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya aiki, yaya zafi, yaya ƙarfin jiki. Ita dai tana cewa, "Oui, oui, ça va," tana kallona. Na miƙa dabino. Ta karɓa, ta kifa mini bokiti na zauna, ta zuba mini wani shayi mai sanyi. Na sha, na zauna kusan awa guda muna yi wa juna murmushi.

Da na ga zama ya isa, sai na ɗauko dabara ta biyu. Na tashi na je kan fangalin gasaya, na tsaya, na riƙe ƙugu, na girgiza kai. "Très joli, madame. Ma sha Allah. Très, très joli." Wato ta yi kyau ƙwarai. A Maraɗi da na faɗi haka, kafin in rufe baki an cika mini riga. Tsohuwa ta kwashe da dariya, ta toshe hancinta da yatsu biyu, ta kaɗa hannu alamar wannan ba na baƙi ba ne. Ta ja ni ta hannun riga ta raba ni da wurin, ta kai ni inda kayan kirki suke. Ta cika mini leda da kokwamba, da dogon wake, da barkono, da wani ganye mai ƙamshi. Mafi kyawun abin da ke lambunta ta zaɓar mini, baiwar Allah.

Na ce a raina ba komai, saura rakiya. Na yi godiya, na yi sallama, na nufi ƙofa ina jan ƙafa don ta taso. Ta ɗaga mini 'yar fartanyarta, ta koma ta durƙusa kan aikinta. Na kai ƙofa, na waiwaya. Na fita, na sake waiwayawa. Malfa kawai nake gani.

Abin da ya biyo baya ban taɓa gaya wa kowa ba sai daga baya. Na zagaya ta bayan shingen na tsaya daidai fangalin. Ta ba ni baya, babu kowa a hanya, kuma hannuna zai kai. Na daɗe a tsaye ina auna abin. Sai na gane cewa a wannan lokacin sata ta fi mini sauƙi a kan in buɗe baki in roƙa. Abin ya ba ni tsoro ƙwarai. Na saɓi ledata na kama hanyar gida.

Matata na jin motsin makulli ta taso, har ta ɗora ruwa a wuta. Ta karɓi ledar ta buɗe. Ta fito da kokwamba ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan tebur, har ta kai ƙasan ledar.

"Ina gasayar? Babu?"

"Akwai. Na gan ta da idona, fangali guda."

"Ka gan ta." Ta dube ni. "Ka hwaɗi maganar da anka koya maka?"

"Ban samu hanya ba. Na yaba, ba ta gane ba. Kuma ba ta yi mini rakiya ba."

"Rakiya!" Ta tafa hannu. "Baba na kwance lopital, kai kana can kana jiran rakiya wurin 'yar Tailan? Ita ta san Maraɗi? Ka tahi har Paris ka koyo magana, ka zo ka aje ta aljihu. Bon, ba ni takardar. Gobe ni za ni."

Wannan ta fi komai yi mini zafi, don na san za ta iya, kuma cikin minti biyu za ta gama. Na ce a'a, ni na ɓata, ni zan gyara. Ta kashe wutar, ta ce Allah ya sa.

Da yamma na je asibiti. Lokacin salla ya yi, mahaifina ya miƙa hannu zai ɗauki buta, ta gagare shi. Ni na yi masa alwala. Da na ɗaga hannunsa zan wanke, agogonsa ya zame ya gangara har gwiwar hannu. Bayan ya idar, ya fara gaya mini inda takardun gona suke, da wanda zan nema a cikin ƙannensa in wani abu ya faru. Yana magana a natse, ni kuwa ina kallon ƙasa. Na san abin da zai iya tashinsa yana nan tafiyar minti ashirin daga gidana, na je na gan shi, na baro shi saboda kada a ce na roƙa. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Juma'a tun kafin rana ta yi zafi ina bakin lambun. Ban riƙe komai ba. Tana ban ruwa, ta gan ni, ta yi murmushi za ta ɗauko bokitin zama. Ban bari ta kai gare shi ba. Daga bakin ƙofa na haɗa hannu, na rufe ido, na saki maganar.

"Pom kamlang ha pak siyan, kap!"

Ashe da ƙarfi na faɗa. Wani Bature da ke lambun gaba ya ɗago kai daga cikin tumatirinsa. Tsohuwa ta saki butar ban ruwa, ta tsaya baki buɗe. Ta nuna fangalin, ta nuna ni. "Pak siyan?" Na ce kap, wato eh. Ta sake toshe hanci, tana tambaya da ido ko na san abin da nake nema. Na ce, "Papa. Malade. Hôpital." Wato babana ba lafiya, yana asibiti. Na nuna baki, na girgiza kai, na nuna gasayar, na yi alamar ci.

Fuskarta ta canja nan take. Ta matso, ta ɗaga hannu ta dungure ni a ƙirji da yatsa, da ƙarfinta kuwa. "Hier?" ta ce. "Hier, pourquoi pas parler?" Wato jiya me ya hana ni magana. Ta ci gaba da faɗa da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane duka, don irin faɗan da mahaifiyata za ta yi mini ne. Tana faɗan tana zaro wuƙa daga ƙugu. Ta shiga fangalin tana yankan kan ganyen, masu taushi kawai take zaɓa, har leda ta cika ta danna ta ƙara. Ta yi mini alama da hannu cewa a dafa sosai, kada a ci ɗanye. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Demain, encore," wato gobe ma in dawo. Har bakin titi ta rako ni, ni kuwa ba ni da sauran abin faɗa.

Matata ta tafasa ganyen, ta zubar da ruwan, ta sake tafasawa, ta matse. Ta daka ƙuli-ƙulin da take ɓoyo, ta yanka albasa da tumatir, ta ɗiga mai, gishiri kuwa ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Warin ya cika gidan har matattakala. Bayan an sauko Juma'a muka kai.

Na ajiye kwanon a kan teburin gado, na buɗe. Ya sunkuyo. Na ga hancinsa ya motsa. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce in ba shi ruwa ya wanke hannu. Ya ture cokalin gefe, ya sa hannu, ya yi bisimilla. Loma ɗaya, biyu, uku. Ya tsaya, ya ɗago.

"Wagga ba ta Maraɗi ba ce," ya ce. "Ɗacinta bai kai ba. Kuma ba gishiri."

Matata ta juya ta fuskanci taga, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Kwana goma sha biyu ke nan rabon da ya kushe wani abu. Ya mayar da hannu cikin kwanon, bai tsaya ba sai da ya ci fiye da rabi.

Da ya sha ruwa ya tambaye ni inda na samo ta. Na ba shi labari tun daga Guillotière har Paris, har zaman bokiti da yabon da na yi da jiran rakiya. Ya fara dariya, ya rarumi matashin da aka ba shi na dafe ƙirji ya rungume, yana dariya yana cewa wayyo ɗinkina. Da ya lafa ya share ido.

"Wa ya koya maka wagga wauta?"

"Kai ne, Baba."

"Roƙo don cikinka na hana ka," ya ce. "Ban hana ka roƙo don ran wani ba. Amma laihina ne, ban hwaɗa maka sauran ba."

Kullum da safe na riƙa zuwa lambun, tsohuwa na yanko mini. Daga gasaya ya koma karɓar kunu, daga kunu sai tuwo. Litinin likita ta zo, ta duba takardarsa, ta dubi kwanon da ke gefe, ta ɗan yamutsa hanci, ta ce ko mene ne wannan a ci gaba da kawowa. Ba a sake maganar tiyo ba. Bayan mako uku aka sallame shi.

Kafin ya koma gida ya ce sai an kai shi ya gode wa matar nan. Ya sa babbar riga da hula, muka tafi a hankali yana hutawa a hanya. Na yi zaton gaisuwar minti biyar za a yi. Awa biyu suka yi. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, amma malamin gona ya ga lambu. Ya naɗe hannun riga, ya karɓi fartanyarta yana nuna mata cewa ta cika matse shuka, ita kuma tana ƙwacewa tana nuna masa nata dalilin. Ni ina kan bokitina ina kallo. Da za mu tafi ta ɓare busassun kwanson gasaya ta zuba masa irin a ambulan. Ya karɓa da hannu biyu.

Har yau ban rabu da kunya ba, kuma ba na so in rabu da ita duka. Ina son gaisuwarmu mai tsawo, ina son yadda muke rufa wa juna asiri wajen buƙata. Amma na gane cewa wannan duka yana aiki ne tsakanin mutanen da suka san abin da shirunka yake nufi. Wanda bai sani ba, ba rowa ya yi maka ba, bai ji ka ba ne. Na kuma gane cewa wani kaso na abin da nake kira kunya girman kai ne kawai, na sa masa suna mai daɗi. Yanzu in abu ya kai abu, ina gaisawa, sannan in faɗi abin da ya kawo ni tun ina zaune. Jumlar nan ita kaɗai na iya a yaren Tailan, kuma har gobe ba ta bar kaina ba. Tsohuwar na nan da lambunta, ta ƙara tsufa, duk Babbar Salla kason namanta daban muke cirewa.

Mahaifina kuwa da ya koma Maraɗi, damina na zagayowa ya share wuri a tsakar gida ya shuka irin nan, ya kewaye shi da shingen ƙaya. Unguwa ta sami abin dariya. Mutane na zuwa musamman su ga Malam da ya yi wa gasaya shinge, alhali ga ta nan banza a bayan kowane gida. Shi dai cewa yake wannan baƙuwa ce, a bar masa abarsa. Duk shekara yana tara irin ya sake shukawa.

A daminar bana mahaifiyata ta kira ni da rana tsaka, ina hutun tsakanin zagaye biyu a tashar bas. Daga jin muryarta ranta a ɓace yake.

"Ka yi wa ubanka magana," ta ce. "Akuyar maƙwabta ta tura kai cikin shingen nan nashi. Mutumen ga da tsuhwanshi ya ɗauki sanda ya bi ta da gudu, aradu da gudu, har ƙohwar masallaci. Jama'a na kallo. Wanga wane irin abin kunya ne?"

Na ce mata to, zan yi masa magana. Na kashe wayar, na kifa kaina a kan sitiyari ina dariya hawaye na zuba, har fasinjan farko ya ƙwanƙwasa gilashi ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, babana ne ya kori akuya.